Fizgar Jiki da Ƙagewar Tsoka: Sababansu da Magungunansu



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙagi ɗan Adam ya daidaita gaɓoɓinsa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Shugaban taro, ranka ya daɗe; malamanmu, Allah ya gafarta muku; iyayenmu mata da kuka bar hidimar gida kuka zo, da 'yan'uwana ma'aikatan asibiti, da ɗalibai, barkanku da zuwa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a keɓe yammacin yau domin wata mas'ala wadda da wuya a sami unguwar da ba ta taɓa ba, amma duk da haka ba kasafai ake maganarta a bainar jama'a ba, saboda kunya da tsoron da suka daɗe suna lulluɓe da ita. Mas'alar kuwa ita ce cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiya waɗanda ke sa tsokar mutum ta fizga, ko ta ƙage, ko ta murɗe ba da izninsa ba. Mene ne sababinsu, mene ne kuma maganinsu?

Kafin mu shiga, ina so mu lura da arzikin harshenmu a wannan fanni. Bahaushe yakan ce ido yana rawa, ƙafa ta ƙage, wuya ya sanƙare, yaro yana taune-taune, mai ciki tana jijjiga, wane yana farfaɗiya. Kakanninmu kuwa ba su raba waɗannan kalmomi a banza ba, sun duba ne da idon basira suka ga abubuwa ne mabambanta. Haka kuma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, a cikin littafinsa Alƙanun fiɗ Ɗibbi, ya yi wa farfaɗiya babinta da sunan sar'u, ya yi wa ƙagewar tsoka nata da sunan tashannuji, ya yi wa sanƙarewar jiki nata da sunan kuzazu. Abin baƙin ciki, mu a yau mukan tattara su duka mu zuba cikin ƙwarya ɗaya, mu ce iska ce, ko jifa, ko sammu, daga nan sai mu rufe ƙofar bincike. Abin da na zo in tabbatar muku ɗaya ne: fizga alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama, tana da sababai masu yawa, kowane sababi da maganinsa, kuma mafi yawan hasarar da muke yi jinkiri ne ke jawo mana ita. Zan kasa maganar kashi shida.

Na ɗaya: Ƙaimi da linzami

Tsoka ba ta da ra'ayin kanta, umarni take bi. Umarnin yakan taso daga ƙwaƙwalwa, ya gangaro ta cikin laka, wadda Allah ya killace ta a cikin ƙashin baya, sa'an nan ya bi wasu fararen zaruruwa har ya isa ga tsokar da ake nufi. Waɗannan zaruruwa su nake nufi da jijiya a wannan lacca. Na faɗi haka ne domin kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka ga ƙashi, da kuma wannan hanyar saƙo, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Saƙon da ke bin ta wani ɗan lantarki ne mai rauni ƙwarai, amma yakan ci mita 50 ko fiye a cikin sakan guda.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya san da abu biyu mahayi ke sarrafa doki, ƙaimi da linzami, ɗaya na zaburarwa, ɗaya na tsayarwa. Kuma gwanintarsa ba ta bayyana sosai sai wajen jahi, sa'ad da ya sako doki a sukwane, ya zo gaban sarki ya ja linzami ya tsaya cak. To, haka jiki yake. In ka ɗauki moɗa za ka kai baki, tsokar gaban damtse ake zaburarwa ta ja, ta baya kuwa a ce mata ta saki; da duka biyun za su ja a lokaci ɗaya, da hannun ya ƙage a hanya, ruwan bai kai baki ba. Saboda haka duk wata fizga ko ƙagewa da za mu ambata, asalinta ɗayan biyu ne: ko ƙaimi ya yi yawa, ko linzami ya tsinke. Aikin likita shi ne ya gano inda ɓarnar ta auku, a saman ƙwaƙwalwa ne, ko a can cikinta, ko a jijiyar kanta, ko a laka.

Sai dai kada wani ya tashi daga nan da fargaba. Rawar fatar ido da kan zo kwana biyu ta wuce, wadda ake camfa ta da cewa za a ga baƙo, galibi rashin barci ne da gajiya da yawan shayi ko goro. Haka ƙagewar ƙafa da kan ta da manomi cikin dare bayan ya yini yana zufa a gona, hutu da ruwa da miƙe tsokar sukan ishe ta. Ba waɗannan muke nufi ba.

Na biyu: Farfaɗiya da dangoginta

Idan ɓarnar a saman ƙwaƙwalwa take, sai ɗimbin ƙwayoyinta su saki lantarkinsu baki ɗaya, kamar garken dawakin da suka firgita, mutum ya faɗi, jiki ya sanƙare, sa'an nan ya shiga jijjiga, bayan minti ɗaya ko biyu ta lafa, ya farfaɗo a gajiye bai san abin da ya faru ba. Wani ma ba ya faɗuwa, hannu ɗaya ne kawai ke fizga, ko ya ƙura ido ya yi shiru na 'yan sakanni, malaminsa ya ɗauka rashin natsuwa ne. In irin wannan ta maimaitu ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na nan take ba, ita ce farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke, kuma kimanin 7 cikin 10 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace.

Me ya sa ta fi yawa a wurinmu? Domin sababanta sun fi yawa a wurinmu: doguwar naƙuda da ke tauye numfashin jariri, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, buguwar kai a haɗarin babur, shanyewar ɓarin jiki daga hawan jini, da sanƙarau. Dattawan cikinmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, ta bar wasu da kurumta, wasu da farfaɗiya. Haka kuma a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara suka dinga jijjiga suna mutuwa, har aka rasa wajen 400, da aka bincika sai aka tarar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Akwai kuma wadda ake gado.

Maganinta ba sabo ba ne. Tun 1912 wani likitan Jamus, Alfred Hauptmann, ya gano amfanin fenobabiton, wanda har yau yana cikin mafi arahan magunguna. Fenitoyin ya biyo baya a 1938, bayansa kabamazafin da balfurowet da wasunsu. Sharaɗinsu shi ne a sha kullum, a kan lokaci, kuma kada a yanke farat ɗaya, domin maganin farfaɗiya linzami ne, ba a kuwa cire wa doki linzami don an ga ya natsu. Likita ne kaɗai ke da ikon rage shi a hankali, galibi bayan shekara biyu ko fiye ba faɗuwa. Macen da ke iya ɗaukar ciki ta sanar da likita tun farko, domin balfurowet yana cutar da ɗan tayi. Mai shan magani kuma, in azumi ya gabato, ya tuntuɓi likitansa da malaminsa, domin shari'a ta yi wa majinyaci rangwame.

Taune-taunen da ke zuwa wa yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 tare da zafin jiki, mafi yawansa yakan wuce bai bar illa ba. Amma a ƙasar da ke da sauro da sanƙarau, wajibi ne a kai yaron asibiti a ranar, a tabbatar da abin da ya kawo zazzaɓin. Jijjigar mai ciki kuwa daga hawan jinin ciki take, awo ne ke gano ta tun ba ta zo ba, allurar magnesiyam salfet ke tsayar da ita.

Akwai wata guda da nake roƙon iyayenmu mata su buɗe kunne su ji. Jariri ne ɗan wata huɗu zuwa takwas. Da ya farka daga barci sai kansa ya faɗo gaba, hannuwa su watsu ko su rungumo, gwiwoyi su naɗo ciki, sakan ɗaya ko biyu ya saki, ya yi kuka, jim kaɗan ya sake, har sau goma ko ashirin a jere. Uwa ta ce ciwon ciki ne, kaka ta ce firgita ce ko haƙori. Ana nan sai a ga murmushin da ya fara ya ɗauke, zaman da ya soma koyo ya koma baya. Wani likitan Ingila, William West, shi ya fara siffanta ta a 1841, a wata wasiƙa da ya aika wa mujallar likitoci ta Lancet yana neman taimako, domin jaririn ɗansa ne na cikinsa. Aka yi mata laƙabi da fizgar sallama saboda ta yi kama da sunkuyon mai gaisuwa. A zamaninsa babu magani. A yau akwai firednisolon da bigabatirin, amma amfaninsu ya rataya ne ga sauri, domin kowane mako da aka yi jinkiri, daga basirar yaron ake ɗiba.

Na uku: Murɗewar gaɓa, wato distoniya

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu dunƙulallun sassa waɗanda aikinsu shi ne zaɓen tsokar da za ta yi aiki da wadda za ta huta. In suka sami tangarɗa, sai tsoka da kishiyarta su ja tare, gaɓa ta murɗe, mutum kuwa yana cikin hankalinsa sarai. Hermann Oppenheim, likitan jijiya na birnin Balin, shi ya raɗa mata suna distoniya a 1911.

Na taɓa duba wani dattijo, gwanin rubutu, wanda ya shafe shekaru yana rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin kara da tawada. Ya zauna a gabana ya ja carbi, ya ɓalle maɓallin rigarsa, ya ɗauki kofi, hannu lafiya lau. Da na miƙa masa alƙalami, kafin ya cika layi guda sai manuniya ta danne shi, babban yatsa ya lanƙwashe, wuyan hannu ya murɗe, gwiwar hannu ta tashi sama. Ya ajiye, ya dube ni, ya ce, "Likita, an ce an sa mini hannu ne." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ciwo sananne ne, yana kama marubuta da makaɗa da masu sana'ar da ke maimaita motsi ɗaya shekara da shekaru, kuma akwai abin da za a iya yi." Wallahi na ga nauyi ya sauka daga fuskarsa tun kafin a fara magani, domin ya daɗe yana zargin wani maƙwabcinsa a zuci.

Wani wuyansa ne ke karkacewa gefe. Wata idanunta ne ke runtsewa da ƙarfi har ta kasa tsallake titi, alhali ganinta lafiya yake. Daga alamunta akwai cewa takan lafa cikin barci, ta tsananta da damuwa, kuma mai karkataccen wuya in ya ɗan dafa haɓarsa da yatsa sai wuyan ya miƙe na ɗan lokaci. Waɗannan alamu su ke sa a zarge su da ƙarya, alhali su ne hujjar likita a kan gaskiyar ciwon.

Sababanta sun haɗa da gado, da shawarar jarirai in ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa, da kuma wasu magunguna. Wannan na ƙarshe ina so ku riƙe shi da kyau. Budurwa ce aka yi mata allurar tsayar da amai, irin su metokulofiramaid, ko aka ba ta wani maganin taɓin hankali; bayan 'yan sa'o'i sai wuya ya juya, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago, tana ji tana gani ba ta iya magana. Wa zai ga wannan bai ce aljanu ba? Amma allura guda a asibiti takan warware ta cikin mintuna. Akwai kuma wani nau'i da likitan Japan Masaya Segawa ya bayyana a shekarun 1970, inda yaro kan tashi da safe yana tafiya daidai, zuwa yamma ƙafafu su murɗe. Ɗan ƙanƙanin maganin lebodofa yakan mayar da shi kamar ba shi ba.

Daga magungunan sha akwai benzhekzol, wanda aka fi sani da Exol, kuma abin takaici ne ƙwarai ganin samarinmu sun mayar da shi abin maye, har mai buƙatarsa ta gaskiya yana jin kunyar tambayarsa a kemis. Amma mafi amfani ga distoniyar gaɓa ɗaya ita ce allurar botulinum, wadda labarinta ke da darasi. Guba ce mai kisa da wata ƙwayar cuta ke fitarwa a cikin ruɓaɓɓen abinci. Wajen 1820 wani likitan Jamus, Justinus Kerner, da ya ga yadda take sassauta tsokar waɗanda suka ci ta, ya yi tunanin kaɗan daga cikinta zai iya zama magani. Sai a 1989 Amurka ta halatta amfani da ita, bayan aikin likitan ido Alan Scott. Akan ɗiga ɗan mitsitsi a cikin tsokar da ke ja, ya tare saƙon jijiya, tsokar ta saki na kimanin wata uku, sa'an nan a sake. Ga wadda ta game jiki ta ƙi jin magani, akwai tiyatar da ake dasa siririyar waya a can cikin ƙwaƙwalwa, tana daidaita saƙon da ɗan lantarki.

Na huɗu: Fizgar rabin fuska

A nan ƙwaƙwalwa lafiya take, jijiyar ce ke cikin matsi. Jijiya ta bakwai daga cikin sha biyun da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ita ke motsa tsokokin fuska. A daidai mafitarta kuwa, a bayan kunne ta ciki, wata hanyar jini takan lanƙwaso ta kwanta a kanta, duk bugun zuciya tana dukanta, har rigarta ta goge, ta fara aika saƙon da ba a umarce ta ba. Takan fara ne daga fatar ido ɗaya, cikin watanni ko shekaru ta gangaro kunci da gefen baki, kuma ko cikin barci ba ta dainawa. Ta fi kama mata, daga tsakiyar shekaru zuwa sama. Ba ta kisa, amma ku tambayi matar da ta daina zuwa biki da suna don kada a ce tana ƙifta wa mutane ido, za ta gaya muku irin kurkukun da take ciki.

Maganinta biyu ne. Ko allurar botulinum duk bayan wata uku, ko tiyatar da likitan Amurka Peter Jannetta ya shahara da ita tun shekarun 1960, inda ake huda ƙashi a bayan kunne, a ɗage hanyar jinin, a sa ɗan matashi tsakaninta da jijiyar. Kimanin 8 zuwa 9 cikin 10 sukan warke, ko da yake akwai haɗarin raunana jin kunnen wannan ɓangare, shi ya sa ba a shiga sai an auna.

Na biyar: Laka, inda linzami ke tsinkewa

Babu misalin tsinkewar linzami da ya fi tetanas, wadda ake kira sarƙewar haƙora. Ƙwayar cutarta tana zaune cikin turɓaya da kashin dabbobi, takan shiga ta rauni mai zurfi, taka ƙusa ko ƙaya, ko askar da ba a tsabtace ba wajen kaciya ko cire beli, ko wajen yanke cibiya. Kitasato, masanin Japan, shi ya ware ta ita kaɗai a Balin a 1889. Gubarta takan bi jijiya ta hau laka, ta toshe saƙon tsayarwa, sai muƙamuƙi ya sarƙe, wuya ya sanƙare, baya ya gantsare kamar baka, ƙarar ƙofa ko hasken fitila kaɗai su ishe shi ya zabura, kuma duk wannan azaba yana cikin hayyacinsa.

A jarirai takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 14, sau da yawa daidai ranar suna: ana shagali a tsakar gida, a ɗaka kuwa jaririn da jiya ke tsotso da ƙarfi ya kasa kama nono, bakinsa ya tsuke, 'yan yatsunsa sun dunƙule. A 1988 an ƙiyasta jarirai 787,000 suka mutu da ita a duniya. Zuwa 2018 adadin ya sauko kimanin 25,000. Me ya kawo wannan? Rigakafi da tsabta. Mai ciki ta karɓi allurarta a wajen awo, yaro ya karɓi tasa a mako na 6 da na 10 da na 14, ungozoma ta wanke hannu ta yi amfani da sabuwar reza, kada a sa wa cibiya toka ko kashin shanu ko man goge baki, a shafa mata kulohezidin da ake bayarwa a asibiti. Wanda ya kamu kuwa, jinyarsa ta asibiti ce: a wanke raunin, a yi masa allurar kashe guba, a ba shi metronidazol da dayazafam, a kwantar da shi a ɗaki mai duhu da shiru, in ya tashi kuma sai an yi masa rigakafi, domin kamuwa da ita ba ta hana sake kamuwa.

Akwai kuma ƙagewa mai ɗorewa, wadda ke biyo bayan yankewar hanyar da ke sauko da linzami daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, kamar bayan shanyewar ɓarin jiki, ko karayar ƙashin baya, ko raunin ƙwaƙwalwar jariri wajen haihuwa, wanda likitan Landan William Little ya danganta da wahalar naƙuda tun 1861. Za ka ga hannu ya naɗe a ƙirji, ko yaro yana tafiya a kan yatsu, ƙafafunsa suna harɗewa kamar almakashi. Bakulofen da botulinum suna sassautawa, amma ginshiƙin magani shi ne gashin ƙashi, wato motsa gaɓoɓi da miƙe su kullum bisa koyarwar masana, tun kafin tsoka ta gajarce gaɓa ta daskare.

Na shida: Abin da ya hau kanmu

Na san akwai mai tambaya a zuci, to ina maganar iska? Ba ni ne zan yi fatawa a gaban malamaina ba. Amma Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'adi, ya kasa sar'u kashi biyu, ya tabbatar da cewa ɗaya daga jiki yake, kuma shi ne fagen likitoci. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti bai hana addu'a ba, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa littattafai a kan ilmin ɗibbu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mata mai farfaɗiya da ta kai kukanta ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi mata bushara da Aljanna a kan haƙurinta, ya kuma yi mata addu'ar kada jikinta ya dinga buɗewa in ta faɗi. Ba a guje ta ba, ba a kore ta daga cikin jama'a ba, suturarta aka kula da ita. Mu fa? Mukan watse mu bar mutum a ƙasa don tsoron yawunsa, mu cire yarinya daga makaranta, mu fasa aure. Ina shaida muku, farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya.

In wani ya faɗi a gabanka, ka janye shi daga wuta da ruwa da titi, ka sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, ka suturce shi, da jijjigar ta lafa ka juya shi ya kwanta a gefe. Kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali a baki, kada ka ɗura masa ruwa ko manja ko jiƙo, kada a yi masa hayaƙi. Ba ya haɗiye harshensa, abin da aka ɗura masa ne ke tafiya huhu. In ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, ko wannan ne karo na farko, sai asibiti nan take. In da hali wani ya ɗauki bidiyon abin da waya, domin likita kaɗai, ba domin yaɗawa ba, saboda likita ba kasafai yake ganin fizgar da idonsa ba. A kuma tafi da kwalayen duk maganin da aka sha. Asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya, amma asibitin da ke kusa da ku shi ne ƙofar farko.

Roƙona ga malamai shi ne su faɗi wannan a kan mumbari da wajen karatu, domin maganarsu tana kaiwa inda tamu ba ta kaiwa; ga mahukunta, su tabbatar maganin farfaɗiya bai yanke a asibitocin karkara ba; ga iyaye, kada su ɓoye ɗansu a ƙuryar ɗaki, domin amana ce da za a tambaye su a kanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma waɗannan cututtuka, a farkonsu suka fi jin magani.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Yanzu fili naku ne: duk mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma tasa ta sirri ce ya same ni bayan an tashi.